Kafin Ka Sayi Injin Niƙa, Ka Fara Gwada Dutsen

Bara ƙanena ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayi injin niƙa, ya kai shi wajen masu haƙar zinari a yankin Mayo-Rey. Ko wata bai cika ba haƙoran injin suka cinye. Ya dawo Garwa rai a ɓace, yana cewa, "Yaya, an cuce ni, jabun ƙarfe aka sayar mini." Na ce masa ƙarfen ba shi da laifi, dutsen ne ya fi ƙarfinsa.

Zinarin da ba a yashin rafi ake wanke shi ba, galibi yana maƙale ne cikin farin dutsen nan da ake kira kwats. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, mai hawa 10, kwats yana hawa na 7, ya ɗara ƙarfen wuƙa. Dutsen Figil kuwa, wanda kamfanin Cimencam ke yin siminti da shi, yana wajen hawa na 3. A aji nakan ba ɗalibaina ƙusa su gwada: tana karce na Figil, amma kan kwats sai dai ta zame.

Manyan kamfanoni ba sa sayen inji da ka. Sai sun kai samfurin dutse ɗakin gwaje-gwaje tukuna. Wani injiniyan Amurka, Fred Bond, shi ya shimfiɗa hanyar tun 1952. Ana zuba tsakuwar cikin ƙaramar ganga mai ƙwallayen ƙarfe, a juya, a tankaɗe, a sake, har a gano yawan lantarkin da niƙa tan guda zai ci. Gwaji na biyu na cin ƙarfe ne: a auna nauyin wani ɗan ƙarfe, a bar shi yana dukan dutsen awa guda, a sake aunawa. Abin da ya ragu shi zai gaya maka sau nawa za ka canza haƙora.

To jama'a, ga makarantar haƙar ma'adinai ta Jami'ar Ngaundere nan a Maiganga tana yaye injiniyoyi. Me zai hana masu haƙa su haɗa kuɗi, su nemi shawararsu kafin a sayi inji? Da ƙanena ya yi haka, da yanzu ba bashi yake biya ba.