Ƙarin Jijiyar Fuska a Jikin Yara: Gaskiya da Ƙanzon Kurege

Idan bakin yaro ya karkace, ko aka ga wani ɗan kumburi a gaban kunnensa, kafin a kai ga likita maƙwabta sun gama yanke hukunci. Wannan ya ce iska ce ta buge shi, wancan ya ce hangum ne, wata kuma ta rantse daji ne. Kaɗan daga cikin waɗannan maganganu na da ƙamshin gaskiya, amma yawancinsu ɓata wa yaro lokaci suke yi.

Batun iska ko marin aljani ba shi da tushe. Jijiya guda ce, ta bakwai cikin goma sha biyun da suka fito daga ƙwaƙwalwa, ke motsa kowane ɓangaren fuska. Tana bi ta wata siririyar hanya a cikin ƙashin kunne, ta fito ta ƙasansa, ta ratsa tsokar da ke samar da yawu a kunci, sannan ta rabu gida biyar. Ita ke rufe ido, ta ɗaga gira, ta ja leɓe a yi murmushi, har ɗanɗanon gaban harshe da zubar hawaye suna hannunta. Duk abin da ya matse ta a wannan doguwar tafiya, fuska za ta nuna.

Masu cewa "bar shi, zai warke da kansa" sun yi rabin gaskiya. Shanyewar fuskar da ake kira da sunan likitan Sikotland, Charles Bell, farat ɗaya take zuwa, cikin kwana biyu ko uku, kuma yawancin yara suna fara samun sauƙi cikin makonni kaɗan. Ciwon kunne mai mugunya ma yakan jawo shanyewar fuska. To amma akwai wani ƙari da ke tsiro daga rigar da ta lulluɓe jijiyar, wanda likitoci ke kira shiwanoma, daga sunan Bajamushen masanin nan Theodor Schwann. Shi wannan ba ya gaggawa. Fuska na sanyi sannu a hankali tsawon makonni ko watanni, ko ta warke ta sake shanyewa a wannan ɓangaren dai, ko ta riƙa ɗan motsi da kanta, ko kuma jin yaro ya ragu a kunne ɗaya. Nan ne na fi jin takaici, domin ana iya shafe watanni ana shafa mai ana jiran sauƙi, alhali shanyewar da ta wuce wata uku zuwa huɗu ba ta sassauta ba, ta cancanci hoto ba tare da jinkiri ba.

Shin daji ne? A'a. Shiwanoma ba ta yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, kuma girmanta a hankali ne. Ko a manya ba kasafai ake ganinta ba, balle yara. Sai dai kada wannan ya sa a raina kowane kumburi. A ƙasashenmu akwai dajin muƙamuƙi na yara da Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, wanda ke girma cikin kwanaki ko makonni, kuma shi ba ya jira. Hangum kuwa da zazzaɓi da zafi yake zuwa, ya tafi cikin mako ɗaya ko biyu. Kaluluwa ma takan sace idan ciwon da ya tashe ta ya warke. Kumburin da ya zauna daram, ba zafi, ba zazzaɓi, shi ne abin dubawa.

Mafi haɗarin jita-jita ita ce wadda ke cewa a yi masa sakiya, ko a cire ɗan nama a gani. Ina roƙon iyaye, kada a bari wanzami ya kusanci wannan wuri da aska. Ƙarin a jikin jijiyar yake, ba a gefenta ba, kuma yankan da ba a yi da sani ba zai iya barin yaro da shanyayyar fuska har abada. Hatta allurar da likitoci ke zuƙo ƙwayoyin halitta da ita daga kumburi sau da yawa ba ta ba da amsa a irin wannan ƙarin. Abin da ke bayyana shi shi ne hoton MRI tare da ruwan da ke haska ƙari, sai hoton CT da ke nuna ko hanyar jijiyar a cikin ƙashi ta faɗaɗa, da gwajin ji. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ne masu wannan aiki, irin na Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa.

Ana kuma cewa da zarar an gano, sai tiyata. Ba haka ba ne. Likitoci na auna ƙarfin fuska da ma'aunin House da Brackmann na 1985, daga mataki na 1, lafiyayye, zuwa na 6, cikakkiyar shanyewa. Idan fuska na aiki, sau da yawa sa ido ake yi, ana maimaita hoto lokaci-lokaci. Dalili kuwa shi ne cire ƙarin gaba ɗaya yakan tilasta yanke jijiyar a yi mata dashe da wata daga wuya ko ƙafa, kuma ko dashen ya yi kyau, da wuya fuska ta wuce mataki na 3. Likitan da ya ce a dakata ba sakaci ya yi ba, murmushin yaron yake karewa.

Gado fa? Yawanci ba a gadonsa. Amma ganin shiwanoma a jikin ƙaramin yaro yakan sa a binciki wata cutar gado mai suna NF2, mai alaƙa da ƙwayar gado ta 22, musamman idan akwai masu kurumcewa tun suna samari a dangi. Kafin a gama duk wannan bincike, idan idon yaro ba ya rufuwa, a nemi maganin ɗigawa mai hana bushewa, a kuma rufe masa idon da dare yadda likita ya nuna, domin idon da ya kwana a buɗe yakan yi gyambo.