Haɗa kwamfutar wasa a Garwa: A fara duba wuta da zafi kafin katin hoto

Duk wanda ya san Garwa ya san cewa garin Coton Sport ba ya wasa da ƙwallo, walau a fili ko a allon talabijin. Shekara da shekaru matasanmu na Yelwa da Lopere da Rumde Ajiya suna biyan kuɗi a ɗakunan wasan bidiyo domin su kara da juna a FIFA da PES. To amma a 'yan shekarun nan an fara samun waɗanda ke tara 'yan kuɗaɗensu, wasunsu ɗaliban Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, da niyyar haɗa kwamfutar kansu, wadda za su yi wasa da ita da dare, su yi aikin makaranta ko na zane da rana.

Abin da muka lura da shi shi ne, kusan dukkansu daga wuri ɗaya suke fara lissafi, wato katin hoto, domin abin da suke gani ke nan a bidiyoyin YouTube. Sai dai masu waɗannan bidiyoyi suna zaune ne a ɗakuna masu sanyin digiri 21 ko 22, inda wuta ba ta ƙiftawa. Mu kuwa a watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40. A ra'ayinmu, duk wanda zai haɗa kwamfuta a arewacin Kamaru, daga soket ɗin bangon ɗakinsa ya kamata ya fara lissafi.

Idan mai karatu bai manta ba, wutar yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa da Adamawa ta daɗe tana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda 'yan Sin suka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Duk shekarar da ruwa ya ja baya, sai injuna su rage aiki, a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka buɗe a Marwa da Gider tsakanin 2022 da 2023 sun kawo sauƙi, amma ba su kawar da ɗaukewar wuta ba, kuma dawowarta da ƙarfi ta fi ɗaukewar haɗari ga na'ura. Abin da ke fara karɓar wannan duka shi ne akwatin wutar kwamfuta, wanda masu gyaranmu ke kira alimantasiyon, kuma abin takaici shi ne aka fi rainawa wajen saye. Mutum zai zuba duk abin da ya tara a katin hoto, sannan ya ɗauki akwatin wutar da ba ya da suna, mara nauyi kamar gwangwanin madara, an rubuta masa wat 700 a jiki. Ranar da irin wannan ya ƙone, ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba, yakan ja babban allon kwamfutar da katin su tafi tare.

Shawararmu ita ce a nemi na kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama da haka, wanda ke nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na wutar da ya ja tana tafiya ga aiki, sauran kaɗan ne ke zama zafi. Wat 550 na gaskiya ya wadatar ga mai farawa. Sannan a ware kuɗin na'urar da muke kira ondilar, a Najeriya kuma UPS. Amfaninta shi ne ta ba mutum 'yan mintunan da zai kashe kwamfuta cikin natsuwa, ba ya ci gaba da wasa ba. A lura, lambar VA da ake rubutawa a jikinta ba wat ba ce, mai VA 1000 sau da yawa wat 600 ko kusa da haka take ɗauka. Haka kuma wasu tsofaffin kwamfutocin gwanjo da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wutarmu 220 ce, wanda ya jona ba tare da ya duba ba zai ji ƙara ya ga hayaƙi.

Daga nan sai zafi. Duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa a cikin ɗaki, don haka katin da ke cin wuta kaɗan ya fi dacewa da mu. Misali, RX 580 na shekarar 2017, wanda ya cika kasuwannin gwanjo, yana jan wat 185, alhali RX 6600 da ya fi shi ƙarfi wat 132 yake ja. Idan aka haɗa na biyun da ƙwaƙwalwa irin Ryzen 5 5600 mai wat 65, kwamfutar da allon kallonta ba za su wuce wat 300 ba. Idan zafi ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa, da kanta take rage gudu don kada ta lalace, a nan ne mutum zai ga ɗan wasansa yana tsayawa yana tafiya, ya ɗauka an cuce shi a ciniki, alhali iska ce ba ta shiga.

Gidan kwamfuta mai gilashi a gaba da fitilu kala-kala yana da kyan gani, amma mai raga a gaba da fanka biyu ko uku shi ne na ƙasarmu. Ga kuma ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi daga Disamba zuwa Fabrairu. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a riƙa cire ragar ana kakkaɓewa, a rufe ta da zane idan an kashe, ba lokacin da take aiki ba.

Wani hanzari ba gudu ba, kayan ba kowanne ke shiga da kowanne ba, kuma mai sayarwa da ke Yawunde ko Legas ba zai karɓi kayansa cikin sauƙi ba bayan sun iso Garwa. Ƙwaƙwalwar AMD ta gurbin AM4 tana aiki da RAM na DDR4 ne, ta AM5 da ta fito a 2022 kuma sai DDR5, ko ramin sakawarsu ba ɗaya ba ne. Ganin yadda farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, sakamakon rububin da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi, mai ƙaramin ƙarfi ba ya da dalilin jin kunyar tsayawa a AM4 da gigabait 16, sanda biyu masu takwas-takwas. Mai son tsohuwar kwamfutar ofis irin su Dell OptiPlex ya saka mata kati, to ya tabbatar ƙwaƙwalwarta Intel ce ta zango na takwas ko sama, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa ba ta amince da yawancin waɗanda suka girmi wannan ba. Irin waɗannan akwatin wutarsu ƙarami ne, kati irin GTX 1650 mai wat 75 kawai suke iya ɗauka.

Batun inda za a saya shi ne ya fi ɗaure kai. Kayan Duwala da na titin Kennedy a Yawunde sai sun hau jirgin ƙasa ko mota zuwa Ngaundere kafin su gangaro mana, na Computer Village da ke Ikeja kuma ta Yola ko Mubi suke biyowa. Wanda zai yi oda daga Turai ya tuna yuro ɗaya sefa 656 ne, ke nan katin yuro 300 ya doshi sefa 197,000 tun kafin kuɗin dako da na kwastan da harajin kashi 19.25. Katin gwanjo kuma a yi hattara. Bayan da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katin hoto a Satumban 2022, an watso dubban katunan da suka shekara suna aiki dare da rana. Akwai ma na jabu, tsohon kati a sauya masa suna ya riƙa nuna kansa a matsayin sabo. Kada a yi cinikin biri a sama: a saka shi a gaban mai shi, a duba shi da manhajar GPU-Z, a bar shi ya yi wasa na rabin awa ana kallon zafinsa da fankokinsa.

Sauran abubuwan ba su da wahala. SSD ya zama dole, kuma gigabait 500 ne mafi ƙaranci, tunda EA Sports FC, wanda ya gaji sunan FIFA a 2023, shi kaɗai yana neman wajen gigabait 100, saukar da shi kuma da datar waya wani kashe kuɗi ne da ya kamata a saka a lissafi tun farko. Wanda ya sayo kayansa daga Najeriya zai tarar da filogi mai ƙafa uku murabba'i wanda ba ya shiga soket ɗinmu mai rami biyu, gara a sauya wayar baki ɗaya da a dogara da ɗan adafta mai sassauci. Allon rubutun can ma QWERTY ne, namu AZERTY, don haka maɓallan tafiya da wasanni ke kira WASD, a namu ZQSD za a danna, sai dai idan an shiga saitin wasan an gyara.