Yadda Ake Karanta Tsohuwar Takardar Gado

A da, in mutum ya rasu, malamin alƙali yakan rubuta abin da ya bari kafin a raba: riguna, tasoshi, doki, bashi, da sunayen magada. Mai neman asalin gidansu zai amfana da ita ƙwarai, gama takarda ba ta mantuwa.

Amma karatunta sai da lura. Rubutun irin na allo ne: ɗigon fa yana ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya ne a sama. Shekarar ta Hijira ce. Galibin 1330 ya faɗa cikin 1912. In kun ga 20,000, kada ku zaci kakanku attajiri ne. Wuri ake nufi, keso ɗaya tak. Inda ya gagara, ku kai wa tsohon malamin allo.