Tuwo na nan, miya ce aiki: Yadda ake haɗa tukunya a Magami cikin tsadar rayuwa

Tun da hantsi ake yanke hukuncin abin da gida zai ci da dare a Magami. Maigida zai ɗebo dawa ko masara daga rumbu, ko daga buhun da ya rage a ƙuryar ɗaki, ya ajiye abin da ya sawwaƙa na cefane, ya fita nema. Daga nan lissafi ya koma hannun uwargida.

Akwai kuɗin niƙa. Akwai mai, gishiri, magi, albasa da barkono. Ga itace, idan ba a samu wanda ya yo ba. Kowanne da kuɗinsa, abin da aka ajiye kuwa ba zai ɗauke su duka ba. Dole a haƙura da wani abu, kuma abin da aka zaɓa aka haƙura da shi ne yake bayyana a jikin yara bayan 'yan watanni.

Magami tana cikin Ƙaramar Hukumar Gusau, a kan hanyar da ta nufi Ɗansadau. Ƙasar noma ce: dawa, masara, gero, wake, waken suya da gyaɗa duk suna yi. A irin wannan wuri, a da, hatsi ba abin saye ba ne ga mafi yawan gidaje. Abin da ake fitar wa kuɗi shi ne mahaɗi.

Abubuwa biyu suka haɗu suka rikita wannan tsari. Na farko ya shafi kowa a Najeriya. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na niƙa suka tashi, kayan masarufi suka bi su. A watan Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A lissafin wannan watan kuma ta ƙiyasta cewa baligi ɗaya na buƙatar naira 1,241 a rana kafin ya ci abinci mai gina jiki mafi arha. Idan aka buga lissafin miji da mata kaɗai, ba yaro ko ɗaya, ya kama naira 74,460 a wata, wato ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin shekarar. Arewa maso Yamma ta fi sauran shiyyoyi sauƙi a wannan lissafi, amma ba a sa kuɗin itace ko gawayi a ciki ba.

Na biyun kuwa na gida ne. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tare hanyar Gusau zuwa Magami zuwa Ɗansadau, har ta kai matafiya kan jira rakiyar jami'an tsaro. Gonakin da ke nesa da gari an bar da yawa daga cikinsu, wasu ƙauyukan kuma sai sun biya kuɗin da aka ɗora musu kafin su yi noma ko girbi. A 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya, duk da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. Gidan da ya saba cika rumbu ya koma awo da tiya, mai awon tiya ya koma gwangwani.

Abin da ake fara cirewa

Idan kuɗi ya gaza, ba tuwo ake ragewa da farko ba, domin shi ne ke cika ciki a yi barci. Nama ne ke fara fita, kuma a gidaje da yawa ya daɗe da fita. Sai busasshen kifi, sai wake, sai a rage mai har ya zama cokali ɗaya a tukunyar mutum goma. Abin da zai rage shi ne tuwo da ruwan kuka mai gishiri da magi.

Babba zai iya jure wannan na wani lokaci. Yaron da aka yaye ba zai iya ba, saboda cikinsa ƙarami ne, kunun da ake dama masa kuma rabinsa ruwa ne. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan dubu ɗari a Shinkafi da Zurmi, ta samu fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Waɗannan garuruwa suna arewacin jihar, nesa da Magami, amma tukunyar iri ɗaya ce, matsalar tsaron ma haka.

A nan ne dabarar uwargida take aiki. Hatsi shi kaɗai ba ya wadatar da jiki da sinadarin gina jiki, amma idan aka haɗa shi da dangin wake, abin da ɗaya ya rasa sai ɗayan ya cike. Kakanni ba su san sunan sinadarin ba, amma kusan duk wani girkin talaka na ƙasar Hausa a kan wannan haɗi aka gina shi.

A ɗauki ƙuli-ƙuli. Bayan an matse man gyaɗa, abin da ya rage a tunkuza shi ne mafi yawan abin gina jikin da ke cikin gyaɗar. Idan aka daka shi aka zuba a kwaɗon zogale ko rama ko tafasa, an samu ganye, an samu madadin nama, ba a kuma kunna wuta sai ta dafa ganyen ba. Garin ƙuli yana shiga miyar yakuwa ya ba ta kauri. Yana raka hoce, gasasshen ƙullin dawan nan da aka san Zamfarawa da shi, wanda mai zuwa gona zai ƙulle a leda ya wuni da shi.

Daddawa ma haka take. Yau da yawa sun mayar da ita ƙamshi kawai, magi ya karɓe gurbinta. Amma magi gishiri ne da ɗanɗano, ba ya gina jiki, ita kuwa daddawar kalwa abinci ce. Inda kalwa ta yi tsada saboda shiga daji ya zama kasada, ana yin ta waken suya, ko daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa.

Waken suya shi ne babban rufin asirin yankin. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, ya fi wake, ya fi gyaɗa. An fi saninsa da awara: a jiƙa, a markaɗa, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami ya dunƙule, a matse. Suyar ce ke cin mai, don haka mai tattali kan yanka ta ta jefa a miya ba tare da ta soya ba. Wasu kan soya ƙwayar sama-sama, su surfe, su haɗa da dawa ko masara a kai niƙa tare, tuwon ya fito da ƙarfinsa ba tare da an sayi komai ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: dole ya dahu sosai, domin ɗanyen waken suya yana ɓata ciki.

Daga wannan haɗin aka samo garin kunun da ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown, wanda ƙungiyoyin agaji irin su Catholic Relief Services suka yaɗa a Arewa. Awon da aka fi koyarwa shi ne shida na hatsi, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban, a niƙa tare. Gwangwani ma ya isa abin awo. Babu ko ɗaya cikin ukun da ba a nomawa a ƙasar Magami, Tsafe ko Bunguɗu. Sai dai kunun na rigakafi ne da farfaɗo da yaron da ya fara ramewa. Wanda ƙafafunsa suka kumbura ko ya daina karɓar abinci, asibiti ne maganinsa.

Ganye da wuta

Da damina, miya kusan kyauta ce ga wanda ke iya kaiwa bakin gona: tafasa, lalo, karkashi, rama, yakuwa, ganyen wake. Wahalar tana bazara, lokacin da komai ya bushe, ajiyar bara kuma ta kusa ƙarewa. Gidan da ya shanya kuɓewa da kuka da zogale da kaka, ya yanka tumatir ya yi kauɗa lokacin da kwando ya yi arha, shi ne ba ya sayen kayan miya da tsada a watan Afrilu da Mayu. Ganyen da aka shanya a inuwa ya fi riƙe amfaninsa a kan wanda rana ta ƙone. Mutum zai gane da ido ma, domin na inuwa kore yake zama.

Itace kuwa ya zama cefane mai zaman kansa. Dajin da ake shiga a saro shi ne dajin da ake tsoro, gas kuma ba na kowa ba ne. Shi ya sa girkin tukunya ɗaya ya dawo da daraja. Faten tsaki da yakuwa da ɗan wake ko gyaɗa ba ya buƙatar wata miya daban. Ɗanwake cikin 'yan mintuna yake tasowa saman ruwa. Wake idan ya kwana a jiƙe yana rage cin wuta sosai. Tuwon dare kuma a kan tuƙa shi da ɗan yawa saboda ɗumamen safe, wanda ya fi shayi da burodi arha nesa ba kusa ba, muddin an bari ya yi zafi har ciki.

Akwai arhar da ke dawowa da tsada. Kanwa na sa wake saurin nuna, amma yawanta na kashe wasu bitamin, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna, wadda ake karyarwa a kasuwa, tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, dahuwa kuma ba ta kashe ta. A tsince baƙaƙen ƙwayoyin a zubar ya fi, ko da tiyar za ta ragu. Ba laifin mai saye ba ne idan ya nufi mai arha. A 2024 an ga yadda mutane a Kano suka koma sayen afafata, tsakin shinkafar da a da masu sarrafawa ke warewa gefe.

Wanda ba shi da rumbu

Duk waɗannan dabaru suna tafiya ne idan akwai tsakar gida, da turmi, da ɗan hatsin da za a fara da shi. Iyalan da suka gudo daga ƙauyuka suka fake a Magami ko cikin Gusau, wasu a kangaye, wasu a gidajen 'yan'uwa, ba su da ko ɗaya. Matar da a ƙauyensu ita ke kyautar zogale, yanzu ƙulli take saye. Sayen kullum a ƙulle-ƙulle kuwa ya fi sayen kwalba ko tiya tsada idan aka tara, amma mai kuɗin yini ɗaya ba shi da zaɓi. Abin da ke ɗan taimakawa shi ne adashi da haɗa kuɗi: mata uku ko huɗu su sayi kwalbar mai ko tiyar waken suya su raba, ko su haɗa niƙa wuri ɗaya.

A 2025 farashin hatsi ya sauko, bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na wani lokaci tun daga tsakiyar 2024. Ma'aikaci a Gusau ya ɗan numfasa. Ga manomin Magami kuwa labarin ya sha bamban, domin hatsin nan shi ne kuɗinsa. Shi yake ɗiba ya sayar ya sayi mai, sabulu da magani, taki kuma bai sauko tare da masara ba. Kwalbar man da a baya awo kaɗan ke saya, yanzu sai ya ƙara ɗiba, rumbun kuma ya riga damina ƙarewa.

Shi ya sa a gidaje da dama waken suya da gyaɗa ne ke fara tafiya kasuwa da kaka, tunda sun fi dawa kuɗi. Uwargidan da ta samu ta ware tiya biyu ko uku kafin a ɗinke buhu, ita ce za ta dama wa yaronta kunu mai kauri a watan Yuli, lokacin da sabon amfani bai iso ba.