Masu jagorancin mahawarar canjin yanayi a Dakoro: wane aiki suka taso da shi?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san tambayar da ke hana magidanci barci a ƙasar Dakoro in damana ta gabato: a shuka da ruwan fari, ko a dakata? Wanda ya yi gaggawa, in ruwa ya ɗauke, irinsa ya ƙone cikin ƙasa. Wanda ya yi jinkiri kuma, sai damana ta ƙare hatsinsa bai nuna ba. Makiyayi ma da tasa damuwar: ya saida bisashe tun suna da nama, ko ya riƙe su ya jira haki?

A shekarar 2010 ƙungiyar CARE ta kawo wani aiki mai suna ALP cikin ƙauyuka 20 na Dakoro, a yankunan Azagor da Badar Gula da Rumbu da Soli Tagiris, tare da ƙungiyar makiyaya ta AREN. An kakkafa ma'aunin ruwan sama a garuruwa, aka damƙa su hannun mutanen gari. Kafin damana kuma sai a tara jama'a: ma'aikacin hasashen yanayi ya faɗi abin da na'urori suka nuna, dattawa su faɗi abin da suka gani ga iska da itatuwa da tsuntsaye, malamin gona da likitan dabbobi su sa baki. A yi ta gardama har a tsai da shawara. Wa'adin aikin ya ƙare, amma tambayar da ya taso tana nan: wa ya kamata ya riƙe ragamar irin wannan zama?

Tambayar tana da nauyi, domin kowa da abin da sana'arsa ta koya masa gani. Malamin gona in ya dubi Kwarin Tarka, gona yake gani. Likitan dabbobi makiyaya yake gani. Dokar 1961 ta shata iyakar noma daga arewa, ta bar abin da ke gaba ga kiwo, amma yawan jama'a da ƙarancin cimaka sun sa gonaki sun ƙetare ta. In mai jagorancin zama ya karkata gefe guda, ɗaya gefen ya kan kaɗe rigarsa ya tashi. Jahar Maraɗi kuwa ta san inda rashin magana ke kaiwa: a Toda, cikin watan Oktoba na 1991, an kashe mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yaran Fulani.

Ɗan makiyaya

Ƙungiyar AREN an kafa ta a 1990. Malam Buraima Dodo, wanda ya daɗe yana sakataren zartarwarta, cikin makiyaya ya fito, shi ya sa in ana zancen burtali da mashaya da rijiya ba ya bukatar tafinta. A 2003 AREN ta haɗa kai da ƙungiyoyin makiyaya na Mali da Burkina Faso aka kafa Billital Maroobe, shi ne kuma ya riƙe sakatariyarta. Ƙungiyoyin makiyaya irin wannan suna cikin waɗanda suka matsa har aka sami dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta amince yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi.

Malamin gona da ya zama almajirin kututture

Tony Rinaudo mutumin Ostireliya ne. Ya yi karatun aikin gona a jami'a, ya iso Nijar a farkon shekarun 1980 tare da mishan ta SIM, ya zauna Maraɗi. Abin da aka koya masa shi ne renon itatuwa a gandu da dasa su. Haka ya yi ta yi, galibin dashen kuwa yana mutuwa: wani rana ta ƙone, wani awaki suka cinye, wani rairayi ya binne. Manoma ma ba su damu da dashen ba, don ba su suka nema ba.

A 1983, yana kan hanyar daji da mota cike da dashe, ya tsaya ya rage iskar taya saboda yashi. Nan ya duba wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka banzar ciyawa ce, sai ya gane ganyen icce ne ke tofowa daga tsohon kututture mai rai. Ashe dajin da ake ta neman dasawa yana nan kwance ƙarƙashin gonaki. Aikin kawai shi ne a bar rassa kaɗan masu ƙarfi, a sassabe sauran, a tsare su daga gatari da wuta. Shi ne ake kira sassaben zamani.

Da fari dariya aka yi masa, don a lokacin gonar da ba a share ƙal ba gonar raggo ce. Yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, ita ta buɗe ƙofa: an ba da abinci ga masu barin itatuwa a gona. Da rabon abinci ya tsaya, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga itacen wuta da harawa da inuwa, hatsi kuma bai ragu ba. Daga nan manomi ne ya koya wa manomi. Yau masu bincike suna ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar: gawo da kalgo da sabara da sauransu. Takardar jami'a ta kawo shi Maraɗi, amma sai da ta ba shi kunya kafin ya ga abin da ke gaban idonsa.

A 2018 an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin. A shekarar ce kuma aka ba Yakuba Sawadogo na Burkina Faso irin wannan lamba. Shi makarantar allo ya yi, ya yi kasuwanci a Wahiguya, sannan ya koma gona ya gyara dabarar ramukan zai, wato tassa, yana tara manoma suna musayar iri da shawara. Allah ya yi masa rasuwa a Disamba 2023.

Ina mata?

Mata ne ke ɗibar ruwa da itace, su ke tatsar nono, su ne kuma ake bari da yara in maza sun tafi cin rani Najeriya ko Libiya. Duk da haka kujerun gaba na taro maza ne suka fi cika su. A Cadi akwai Hindu Umaru Ibrahim, ɗiyar Fulani Mbororo, dangin Wodaɓen Bermo. Ta yi lakkwal a Njamena, hutunta kuma a rugga take yin shi. A 1999 ta kafa ƙungiyar matan Fulani, ta riƙa tara makiyaya da manoma suna zana taswirar mashaya da burtali tare, mata na nuna inda ruwa ke saura cikin rani. A Afrilu 2016 ita aka zaɓa ta yi magana da sunan ƙungiyoyin farar hula a Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar da ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar yanayi ta Paris.