Daga Sarkin Ruwa Zuwa Hukumar Kogi: Yadda Kula da Ruwa ya Sauya a Kwarin Binuwai

Jihar Taraba tana nesa da teku, amma duk wanda ya san ƙananan hukumomin da ke kwance a gefen kogin Binuwai, wato Karim Lamido da Lau da Ardo Kola da Gassol da Ibi da Wukari, ya san cewa damuwarsu iri ɗaya ce da ta mutanen bakin teku. Ƙasa ce mai kwari, ruwan da ya sauka a kan duwatsun Kamaru da tsaunukan Mambila nan yake gangarowa ya kwanta. Garinmu Iware, wanda aka fi sani da kasuwar shanu, ba a bakin kogin yake ba, sai dai hanyar Jalingo zuwa Wukari da ta ratsa shi ruwa ya taɓa yanke ta daga gabas da kuma daga yamma. A watan Agusta na 2005 gadar Nukkai da ke bakin Jalingo ta rufta da mutane a kanta, aka yi asarar rayuka da dama. A 2024 kuma gadar Namnai a ƙasar Gassol ta karye, matafiya suka koma tsallakawa da kwalekwale. A cikin wannan maƙala zan bi sawun yadda aka riƙa kula da ruwan wannan kwari tun daga zamanin da zuwa yau, da kuma hannuwan da al'amarin ya bi ya wuce.

Cikowa daban, ambaliya daban

Tun da ɗaliban harshe ne masu karatu, bari mu fara da kalmomi. Bahaushe ya bambanta cikowa da ambaliya. Cikowa ita ce hawan da kogi ke yi duk shekara wajen watan Agusta da Satumba, ya malala kan fadama, ya ɗan kwanta, sannan ya janye. Ambaliya kuwa ita ce wadda ta ƙetare iyakar da aka saba, ta shiga gida ta ci rumbu. Mutanen da ba su ɗauki cikowa a matsayin masifa ba, jiran ta ma suke yi. Ita ke shimfiɗa sabuwar ƙasa mai laka a gona, ita ke cika tafkuna da kifi, kuma a kan damshin da ta bari ake dasa masakwa, dawar nan ta rani wadda Fulani ke kira muskuwari. Idan ruwa ya janye ciyawa ta fito, makiyaya su sauko da shanu. Wato fili guda yana ciyar da masunci da manomi da makiyayi, kowa da lokacinsa.

Wannan karɓa-karɓa ba haka kawai take tafiya ba, akwai masu tsare ta. Sarkin ruwa shi ke faɗin ranar da za a shiga tafki da irin komar da aka yarda a jefa, shi ke kula da mashigi da masu fito. Mai gari da ardo su ke shata burtali da mashaya. Ragowar wannan tsari ana ganinsa a tafkin Nwonyo na ƙasar Ibi, inda al'ada ta hana su sai lokacin biki, kifi ya samu ya hayayyafa. Gidaje kuma a kan tudu ake kafa su, bukkokin da ke cikin fadama na wucin gadi ne, kowa ya san za a bar wa ruwa su. Ba ina cewa zamanin ba shi da aibu ba ne, an yi faɗa a kan tafki, an yi yunwa. Abin lura shi ne mai yanke hukunci a kan ruwa yana kwana a bakin ruwan, idan ya yi kuskure gidansa ma yana ciki.

Kogi ya zama hanya

Da Turawa suka zo, abin da suka gani a Binuwai shi ne hanyar jirgi. Kogin yana da tsawon kimanin kilomita 1,400 daga mafarinsa a Kamaru zuwa Lakwaja inda ya haɗu da Kwara. Ibi da Lau da Numan da Yola suka zama tashoshin lodin gyaɗa da auduga da riɗi, jiragen kamfanoni kuma kan kai har Garwa a 'yan makonnin da ruwa ke cike. Damuwar hukuma a lokacin ita ce yashi da ƙarancin ruwa da ke tsayar da jirgi. Saboda haka ne aka ɗauko wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan mai suna NEDECO, ya yi shekaru yana awon Kwara da Binuwai, ya fitar da rahotonsa a 1959. Daga wannan zamani ne ilimin kogi ya fara komawa cikin takarda da lambobi, a cikin harshen da masunci ba ya ji.

Zamanin madatsai

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya juya tunanin gwamnati zuwa ga tara ruwa. A 1973 aka kafa hukumomin raya tafkin Chadi da kogin Sakkwato da Rima, a 1976 aka faɗaɗa tsarin ya zama hukumomi goma sha ɗaya a duk ƙasar. Namu yankin ya faɗa ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, mai hedikwata a Yola. Hikimar da ke ciki mai kyau ce: ruwa bai san iyakar jiha ba, don haka a kula da kogi gaba ɗayansa. A kan kogin Gongola aka gina madatsar Kiri, wadda aka gama a 1982 don rake na kamfanin sukari da ke Numan, da kuma ta Dadin Kowa. A 1993 wata doka ta soja ta sa duk ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya.

A daidai wannan lokaci Kamaru ta gina madatsar Lagdo a kan Binuwai, kimanin kilomita 50 daga Garwa, tsakanin 1977 da 1982, da taimakon ƙasar Sin. An tsara cewa Nijeriya za ta gina tata a Dasin Hausa cikin ƙasar Fufore ta Adamawa, wadda za ta tare ruwan da Lagdo ta sako. Ba a gina ta ba. Babbar madatsar da Taraba ta samu ita ce ta Kashimbila a ƙasar Takum, a kan kogin Katsina-Ala, wadda aka ƙaddamar a 2023 da ƙarfin lantarki megawat 40. Dalilin gina ta ma abin mamaki ne: tsoron kada bangon tafkin Nyos na Kamaru ya fashe, tafkin da ya fitar da iska mai guba a 1986 ta kashe mutum fiye da 1,700.

A nan ina so mai karatu ya ɗan tsaya. Duk shekarar da aka yi ambaliya sai ka ji ana cewa "an buɗe Lagdo", kamar dai ita kaɗai ce ummul'aba'isi. A 2012 da aka saki ruwanta, hukumar NEMA ta ce mutum 363 suka mutu a faɗin ƙasar, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 mamatan sun haura 600. Amma ku dubi taswira. Mayo Kebbi da Faro suna shiga Binuwai ne a ƙasa da Lagdo. Gongola tana shiga a Numan. Kogin Taraba da na Donga da na Katsina-Ala duk a ƙasa suke zubowa, kuma Taraba da Donga babu babbar madatsa a kansu. Ministan albarkatun ruwa na 2022, Suleiman Adamu, ya faɗa wa majalisar dattawa cewa kason Lagdo a ambaliyar shekarar ƙarami ne ƙwarai, mutane suka yi masa ca. A ganina ya rage mata laifi fiye da kima, domin wanda ke Yola ko Numan ko Lau yana jin sakin ruwan a jikinsa. Amma gadar Nukkai ba ruwan Kamaru ne ya karya ta ba, ruwan saman da ya sauko daga duwatsun da ke kewaye da Jalingo ne. Ko da an gina Dasin Hausa gobe, wanda ya yi gini a cikin hanyar Mayo Gwoi ko Lamurde bai tsira ba.

Abin da Holan ta koya

Tun da mutanen Holan ne suka auna mana kogin, ya dace mu leƙa gidansu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da tekun da ke gefenta, ga kuma manyan koguna irin su Rayin da suke ƙarewa a can. Abin da aka fi ba da labari shi ne manyan gine-ginensu: bayan ambaliyar teku ta daren 31 ga Janairu 1953, wadda ta kashe mutum 1,836, sun shiga aikin toshe bakunan koguna da ƙofofin ƙarfe, aikin da bai kammala ba sai 1997. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 13 manoman kowane yanki suka kafa majalisar ruwa, kowa da ɓangaren jingar da zai gyara, wanda ya yi sakaci a ci shi tara. Waɗannan majalisu suna nan har yau, an haɗe su sun koma 21, suna da zaɓensu daban, suna karɓar harajinsu daban, kuɗin gyaran jinga ba ya jiran kasafin babban birni. Idan aka cire takardu da injuna, wannan ai sarautar sarkin ruwa ce da aka bari ta girma.

Darasi na biyu ya zo musu daga baya. A 1995 koguna suka cika har aka kwashe mutum kimanin 250,000. Sai suka gane cewa ƙara wa jinga tsawo yana matse kogi, ranar da ta fashe kuwa ɓarnar ta fi muni. Daga wajen 2007 suka fara wani shiri na sakar wa kogi fili a wurare fiye da talatin. A birnin Nijmegen sun ja jinga baya da mita 350, suka haƙa wa kogin wata hanya ta biyu. Wato bayan ƙarnuka na kokawa, sun dawo kan abin da kakanninmu suka sani, cewa a bar wa cikowa fadamarta. (Kalmar jinga, ga wanda bai saba da ita ba, tudun ƙasa ce da ake tarawa a bakin ruwa don tare shi. Mutanen Haɗeja sun fi kowa amfani da ita, kuma ban ga dalilin da zai sa mai fassara ya tafi aron wata ba.)

Inda muke

Ba za a ce ba a ci gaba ba. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa, wanda Taraba ta shiga zagayensa na biyu a 2004, ya yaɗa injin ban-ruwa da ƙananan rijiyoyin burtsatse, noman shinkafar rani ya bunƙasa a bakin kogi. Har kalmar fadama ta shige cikin Turancin ma'aikatan raya ƙasa. A 2010 aka kafa hukumar NIHSA mai lura da yanayin koguna, kuma tun 2013 take fitar da hasashen ambaliya na shekara, tana karanta ma'aunan ruwa a wurare irin su Wuro Bokki da Makurɗi da Lakwaja. Kamaru ma takan aiko da sanarwa kafin ta buɗe Lagdo, kamar yadda ta yi a 2023 da 2024.

Sai dai idan aka bi tarihin nan za a ga cewa kowane mataki ya ƙara nisanta hukunci daga bakin ruwa: daga sarkin ruwa zuwa kamfani, daga kamfani zuwa Yola, daga Yola zuwa Abuja. Manomin da ya samu injin ban-ruwa ya zauna dindindin a fadamar da a da ake bari, ya toshe mashayar da shanu ke bi, ga rikici. Mai kuɗi ya sayi fili a kwari ya cike shi da ƙasa, ruwa ya karkata gidan maƙwabci. Da rani kuma, a garuruwan da ruwa ya ci da damina, 'yan garuwa ne ke shayar da mutane. Babu wata ƙaramar majalisa a matakin gunduma da ke da iko da kuɗin da za ta ce a yashe wannan kwalbati kafin Yuli, ko ta ce nan hanyar ruwa ce ba a gini. Wannan giɓi ba madatsa ce za ta cike shi ba, kuma cike shi bai kai kuɗin madatsa ba.

Akwai ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye. Taraba jiha ce mai harsuna da yawa, Hausa ce ke haɗa Mumuye da Jukun da Fulani da Jenjo a kasuwa, da yawanmu ma a can muka fara jin ta kafin aji. Amma gargaɗin ambaliya da Turanci yake fitowa. A watan Satumba na 2024 NIHSA ta sanar cewa za a fara sakin ruwan Lagdo da mita 100 mai murabba'in sukari a kowace daƙiƙa, a riƙa ƙarawa har zuwa 1,000. Na tabbata ko kai mai karatu wannan fassara ba ta gaya maka komai ba. Idan aka ce duro 500 na lita 200 a kowace daƙiƙa, har ya kai duro 5,000, an fara magana. Duk da haka mai gona a Mayo Ranewo ba adadin duro yake tambaya ba. So yake ya ji kwana nawa ruwan zai yi kafin ya iso, kuma cikowa ce da zai jira ta wuce ko ambaliya ce da zai yanke shinkafarsa ɗanya ya hau tudu. Mai karanta sanarwa a rediyo da ya kira duka biyun ambaliya, bana zai firgita mutane a banza, baɗi kuma ba za su tashi ba.