Dakoro: Hayar ƙaramar katafila don cikon gida, da lissafin da ke biyo baya

Tun bayan damunar 2024, wadda ambaliyarta ta hallaka sama da mutum 300 a Jamhuriyar Nijar, ta kuma shafi fiye da miliyan guda, magidanta a jihar Maraɗi suke kallon tsakar gidajensu da wani ido daban. Galibin gidajen da suka rushe na ƙasa ne, kuma ba daga sama ruwa ya fi cin su ba. Kwanciya yake a gindin katanga har ta jiƙe ta zauna.

A Dakoro, mai tazarar kusan kilomita 120 arewa da birnin Maraɗi, maganin da aka sani shi ne ciko: a zubo ƙasa ko marmara a ɗaga tsakar gida, a buɗe wa ruwa hanya. Har yanzu masu amalanke da matasa masu diga da shebur ne ke yin mafi yawan wannan aiki. Amma mai babban fili, ko mai son haƙa ramin masai da na tushen gini kafin ruwa ya sauka, yakan fara tunanin ɗauko inji.

Duk injin da ke ture ƙasa katafila ake ce masa, sunan da ya samo asali daga kamfanin Caterpillar na Amurka. Sai dai iri biyu ne suka dace da aikin gida. Akwai mai tayoyi, da cokalin kwasa a gaba da hannun haƙa a baya, wadda ke iya tono kusan mita 4 kuma tana tafiya da ƙafarta a kan kwalta. Akwai kuma 'yar ƙarama mai sarƙa, mai nauyin tan 1 zuwa 3, wadda ke shiga ƙofar da mota ke shiga, amma dole a ɗauko ta a bayan wata motar.

Nan ne lissafin mai gida ke fara karkacewa. Kuɗin yini da aka yi ciniki a kansa sau da yawa na injin ne kawai. Idan daga Maraɗi za a kawo shi, zuwa da komawa ya kai kilomita 240, kuma wani ne zai biya. Sannan ga gazuwal. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin lita daga sefa 668 zuwa 618. A kan wannan farashi, ƙaramar katafila mai shan lita 3 a awa za ta ƙone kusan jika 15 a aikin awa 8, mai tayoyin kuma ta ninka hakan. Shi ya sa dabarar da ta fi sauƙi ita ce maƙwabta su haɗa aikinsu a rana ɗaya, ko a jira injin ɗan kwangilar da ya riga ya shigo gari.

Yana da kyau a tsayar da magana tun farko: yini ne ko awa? Injin na da agogon da ke ƙirga awowin da ya yi a kunne, ko yana aiki ko yana jiran motar ƙasa. Wa zai ɗauki asara idan tiyon mai ya fashe da hantsi? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin kayan gyara sai an nemo daga Maraɗi ko Kano, kuma rufe iyakar Benin a 2023 ya tsawaita hanyar kayan da ke zuwa ta teku.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci shi ne hannun direba. Ƙasar Dakoro jigawa ce, tana da daɗin haƙa, tana kuma saurin rufta. Ramin da ya wuce ƙugun mutum zai iya zubowa ba gargaɗi, alhali yashi mai cika mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ya kai tan ɗaya da rabi. Direban da ya san aiki ba ya tara ƙasa a bakin rami, ba ya haƙa dab da katangar ƙasa, kuma sai ya tambayi inda bututun famfo da tsohon masai suke kafin ya tada inji. Korar yara, waɗanda ba sa ƙin kallon katafila, aikin mai gida ne.

Cikon kansa ba a jibge shi lokaci guda. Ana shimfiɗa kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara, tare da gangara ta kusan santimita 2 a kowace mita zuwa waje.

Sai tambayar da inji ba ya amsawa: ina ruwan zai nufa? Gidan da aka ɗaga a yini guda ya bar na kusa da shi a kwari, kuma sau da yawa mai wannan gidan shi ne wanda ba ya da halin hayar ko da amalanke. Masu unguwanni sun saba da irin wannan ƙara, wadda ba ta zuwa sai ruwan Agusta ya kankama, lokacin da injin ya daɗe da komawa Maraɗi.